Sau Nawa Za a Auna Jikana?

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da karatun jinyar da ya raba ki da ɗanki. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta hana ni durƙusawa gaban benci. Gwaggonki na gaishe ki, tarinta ya yi sauƙi. Ƙusa yana nan, yana ci yana ɓarna. Na san kin hana a kira shi Ƙusa, amma yaron da in ya kafe a wuri sai an sa hannu biyu kafin a cire shi, ban san sunan da ya fi wannan dacewa da shi ba.

Tela maƙwabcina ne ke rubuta mini, kamar kullum. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya zuba mini sukari. Kada kuma ki ce in kira ki a waya. Maganar waya ba ta barin shaida, kuma kunnena ba ya kama ta.

Abin da ya sa na tayar da Tela daga kan kekensa shi ne, jiya da hantsi wata mata mai tabarau ta yi sallama a ƙofar shagona. Ta ce daga jami'a take, wai suna binciken yadda hankalin yara ke girma, wai kuma kin sa hannu a takarda kafin ki tafi. Ni da nake kwana da yaron yana jiƙa mini katifa, ba a tambaye ni ba.

Ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ta kafa kyamara mai ƙafa uku, ta fito da wani allon katako mai ramuka, ta ce ya saka kowane guntu a raminsa. Ta ɓoye ƙwallo a ƙarƙashin kofi ta ce ya nemo. Ta nuna masa hotuna ta ce ya faɗi sunansu. Abin da ya yi ta rubuta, abin da bai yi ba ma ta rubuta, kuma na lura rubutun abin da bai yi ba ya fi tsawo.

Na ce, “Malama, me ke damun yaron?” Ta ce, “Babu komai, Baba.” Na ce, “Mutum ba ya ɗauko kyamara ya shigo mota saboda babu komai.” Ta yi dariya, ta ce za ta dawo bayan wata uku, haka za ta riƙa yi har ya shiga makaranta.

Tun ba a haife ki ba nake awo, kuma ban taɓa ɗora tef a kan katakon da zan bari a inda yake ba. Ki gaya mini gaskiya, wa ya turo ta? Ban manta maganar da uwar mijinki ta yi ranar tafiyarki ba, da ta ce gidan ƙurar katako ba wurin rainon yaro ba ne. In hujja ake tarawa don a ɗauke shi a kai mata, a faɗa mini ido da ido.

Mahaifinki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ka riƙa shafa man da na bar maka a gwiwar, yana cikin kabad, bayan gwangwanin gam. Ka gaishe mini da Gwaggo, ka gaishe da Tela, Allah ya ƙara masa haƙurin maƙwabtaka.

Baba, babu wanda ya turo Malama. A asibitin da nake kai shi allura na ga sanarwarsu, kuma yara ne da yawa, ba shi kaɗai ba. Ba cuta suke nema ba, ba kuma jarrabawa ba ce da ake ci ko a faɗi. So suke su gane yadda yaro ke fara iya abu, a hankali yake zuwa ne ko kwatsam. Laifina ne da ban sanar da kai ba, hidimar tafiya ce ta sha kaina. Ka yafe mini.

Uwar mijina ko labarin ba ta da shi. Duk zuwan da Malama ta yi za ta turo mini bayani da ɗan bidiyo, da su zan riƙa ganin halin da yake ciki, in san abin da ya kamata in yi. Na kalli na farkon. Ya yi ƙiba, kuma rigar nan koriya an sa masa ita gaba a baya.

Don Allah idan tana gwada shi kada ka sa baki. Na ji muryarka a bidiyon kana cewa, “Na tsakiya, kai, na tsakiya.”

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take, man naki wari kawai gare shi. Gwaggonki lafiya. Rigar kuma shi ya ce haka yake son ta.

Na daɗe ban amsa miki ba saboda ina jiran in ga zuwan matar na biyu. Takardarki kuwa sau biyu na sa Tela ya karanta mini, na ce ya ɗora yatsa a kan layin da kika ce “in san abin da ya kamata in yi.” Ya ce ba abin da nake tsammani kike nufi ba. Na ce shi ɗinki aka koya masa, ba sanin zuciyar 'yata ba. Mene ne abin da ya kamata ki yi? Ba ki faɗa ba.

Ta zo. Ranar kuwa yaron ya tashi da mura, ido duk ruwa. Ya saka zagayayyen guntun, ya ɗauki mai kusurwa uku ya juya ya juya, ya ƙi shiga, ya yi jifa da shi ƙarƙashin gado. Ni na shiga da wannan gwiwar na ɗauko. Ina fitowa na tarar tana rubutu.

Na ce, “Malama, yau ba ya jin daɗi, ki goge wannan.” Ta ce, “Ba komai, Baba, yadda yake muke son mu gan shi.” Na ce, “Safiya ɗaya za ki gani ki yanke wa wata uku hukunci?” Sai ta cire tabarau ta ce, “Gaskiyarka. Wannan gardamar muke ta yi a wurin aiki. In mun zo da yawa mu gajiyar da yara da mutanen gida, in mun ba da tazara abubuwa su wuce mu.”

Kin ji. Mai ilimin da ya yarda da maganar kafinta da sauri haka, akwai abin da yake lulluɓewa.

Lokacin da kike kamar shi babu wanda ya auna ki. Ni da marigayiya uwarki muka raine ki a cikin wannan ƙurar da ake rainawa, ga ki yau kina karatun da ya fi ƙarfin ubanki. Amma ba komai. Na ɗauki matakina, kuma ba sai na faɗa miki ba, tunda ke ma ba ki faɗa mini naki ba.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa da sauƙi. Ka yi haƙuri da shiruna, an tura mu aiki ɗakin marasa lafiya, in na dawo ko takalmi ba na iya cirewa. Maganar layin nan kuwa, Tela ya fi ka gaskiya, mu bar ta a nan.

Albishir zan yi maka. Malama ta kira ni bayan zuwanta na uku. Ta ce allon da ya gagare shi wancan karon, yanzu kafin ta gama gyara kyamara ya cika shi. Ta ce ba ta taɓa ganin yaro ya yi tsalle irin wannan ba, kuma abin da ya dame ta shi ne tsallen ya faru a tsakanin zuwa da zuwa, ba ta ga yadda aka yi ba. Wata uku ya yi masa yawa. Ta roƙi ta riƙa zuwa duk mako na ɗan lokaci, da sababbin kayan gwaji, ko za ta kama na gaba yana faruwa. Na amince.

Baba, na kalli bidiyon har ban san sau nawa ba. Na nuna wa abokan karatuna, na zauna a bakin gado na yi ta kuka. Ashe ɗana yana girma haka ba na nan.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Yaro ya kasa, an ce wata uku. Yaro ya iya, an ce duk mako. To me ake so ya yi a ƙyale shi? Yanzu matar nan ta fi mai karanta mitar wuta sanin hanyar gidana. Mai wanki na bakin layi ya tare ni yana tambaya wai ciwon me jikana ke yi da likita ke zarya. Na ce ba likita ba ce. Ya ce, “To Allah ya ba shi lafiya dai.”

Tunda an kai ni bango, bari in faɗa miki, ki isar wa duk wadda ke bayan wannan abu. Ranar da ya jefar da guntun nan, da na ɗauko shi daga ƙarƙashin gado na auna shi da yatsuna kafin in miƙa mata. Tana fita na yanko falankin katako na yi masa allo irin nata sak, na bi shi da samfefa, har ya fi nata santsi. Safe da yamma muke yi, ba ya fita wasa sai ya cika shi. Tsallen da take nema ke nan, a kan bencina aka yi shi.

Da na ɗauka in ya ci sau ɗaya za ta rufe littafinta ta tafi. Sai ga shi kowane mako da sabon abu. Ta kawo akwati mai sakata, na yi akwati mai sakata. Ta kawo zare da 'yan ƙwallaye masu huji, na zauna na huda guntaye har idona ya yi ja. Hotunan dabbobi Tela ya yanko mini daga tsohuwar kalanda. (Ni Tela, cewa aka yi in yanka, na yanka.) Wannan makon ya kasa, mako mai zuwa ya iya, ita kuma sai ta riƙe haɓa tana cewa abin mamaki. Kabad ɗin wani mai shayi tana nan jingine ba ƙofa, ya zo ya fi a ƙirga, ni ina can ina sassaƙa kayan wasa.

Yaron ma ya fara gajiya, in ya ga na ɗauko allo sai ya ɓuya bayan Gwaggonki. Amma gara ya yi kuka a gidana da a rubuta ya kasa a kai wa uwar mijinki. Duk abin da za ta kawo zan yi irinsa. A gwada ni a gani.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya.

Na karanta takardarka. Na kira Malama na gaya mata, don ba zan bar ta tana gini a kan abin da ba haka yake ba. Ta ce duk abin da ta rubuta a kansa tun daga zuwa na uku dole ta cire shi, kuma ba za a iya ci gaba da shi ba, tunda ya riga ya haddace kayan. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi da ta zauna da kai tun farko ta yi maka bayani sosai. Ba za ta sake zuwa ba. Ka samu abin da kake so.

Yanzu ka saurari nawa. Tun da na taho, bidiyon nan ne kaɗai inda nake ganin ɗana. Takardunka shafi biyu ne a kan uwar mijina, layi ɗaya a kansa, yana ci yana ɓarna. Abin da na yi wa kuka a gaban mutane, ashe horonka ne. Na sake kallon na baya-bayan nan. Kafin ya saka kowane guntu sai ya waiga hagu, fuskarsa a tsorace. Na ɗauka Gwaggo yake nema. Kai yake kallo.

Ban taɓa tunanin raba ku ba, Allah shaida ne. Amma yanzu ba ni da ido a kansa, kuma yaron da bai cika shekara uku ba an hana shi wasa saboda zargin da babu shi. Idan an ba mu hutu zan zo in ɗauke shi. Ba wurin uwar mijina ba, wurina. Ɗakina ƙarami ne, amma akwai wata mata kusa da mu da ke riƙe yara da rana.

Auta.

*

Auta,

Na ji. Da ma na faɗa tun farko ɗauke shi za a yi, aka ce zargi ne. Ɗanki ne, ba ni da ta cewa. Gwaggonki ta daina yi mini magana, sai dai ta ajiye kwano ta wuce. Tela ya ce in ƙara wani abu. Ba ni da abin ƙarawa.

Mahaifinki.

*

Auta,

Sallama. Shiru ya yi yawa. Ban sani ba ko takardata ta ɓata ne, ko kuwa an karanta an ajiye. Mu dai muna lafiya.

Tunda hujja ake aiki da ita, ga tawa. Kayan nan duka na zuba su a buhu na ɗora a saman kabad ɗin mai shayi, ita ma na sa mata ƙofa. Ban ƙone su ba, katako ne mai kyau.

Kin ce ba na ba ki labarinsa. Ba wanda ya ce mini labari ake so. Da safe shi ke tashina, ya ja mini gemu ya ce, “Aboki, tashi.” Ba ya cewa Kaka, na yi na yi ya ƙi. Yana da gudumarsa ta katako, in ina buga ƙusa shi ma sai ya bugi ƙafar benci, in na tsaya ya tsaya ya share goshi kamar wanda ya yi wani aiki. Yana tsoron keken Tela in yana gudu, amma in ya tsaya sai ya je ya taɓa shi ya ruga. Ya gano cewa in ya yi tari irin na Gwaggonki ana ba shi zuma, yanzu tari ya zama sana'arsa. Hotonki da ke jikin bango, in an tambaye shi wace ce sai ya ce, “Mama makaranta.” Shekaranjiya na same shi ya hau kujera yana goge gilashin da hular kaina.

Ranar da matar ta saba zuwa ya ɗauko tabarma da kansa ya ja ta tsakar ɗaki ya zauna. Na ce ba ta zuwa. Ya waiga ya dube ni irin kallon da kika faɗa. Ban san yana yi ba sai ranar. Na ɗauke shi muka fita kallon motoci.

Ban ce kada ki zo ba. Na dai faɗi abin da ke nan.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa da kyau. Duka biyun sun iso. Ta farkon ban amsa ba don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Ta biyun tana cikin aljihun rigar aikina.

Abin da nake nema ke nan tun farko. Ga sharaɗina. Duk mako ka aiko mini da irin wannan, abin da ya yi da abin da ya kasa, ba gyara, ba horo. Kada ka nuna masa komai don ka samu abin rubutawa. Idan na zo hutu na ga yana wasansa ba ya waigen kowa, zan bar shi har in gama karatu. Idan takardu suka yanke, ko suka koma labarin uwar mijina, ka san sauran.

A ba Tela haƙuri, aiki ya ƙaru masa.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwaggonki ta dawo yi mini magana, ban tabbata na ci riba ba.

Duk mako ya yi yawa. Wannan ai dabarar matar nan ce kika ɗauko, kin cire kyamara kin sa ubanki a madadinta. Yaro ba ya canzawa a mako ɗaya, kuma Tela yana da ɗinkin mutane. Duk wata zan riƙa rubutowa, a nan na tsaya. (Ni Tela, shekaranjiya takardarki ta iso, yau tun ban buɗe shago ba na same shi a ƙofa.)

Wannan ba ta cikin lissafi, dole ce ta sa. Jiya yaron ya saka maɓallin rigarsa da kansa, na wuya, wanda ni ma yake ba ni wahala. Ba wanda ya koya masa, Gwaggonki shaida ce. Yau da safe ya zo sakawa ya gagare shi. Ya ja, ya murɗa, ya ciji rigar. Ina zaune a gabansa, na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina don kada su je. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Da ya gaji ya bar ta a buɗe ya tafi wurin gudumarsa. To wanne zan rubuta, ya iya ko bai iya ba? Na rasa, shi ya sa na rubuta miki duka biyun, ki zaɓa da kanki.

Sharaɗinki na ji shi, amma ni ma ina da nawa. In za ki zo hutu, ki zo da ƙaramar jaka, wadda kayan mutum ɗaya ke cikawa. Zan je tasha da wannan gwiwar in tsaya in ga wadda za ki sauko da ita.

Mahaifinki.